Tsintuwa a Birnin Liyon



Na sauka birnin Liyon na ƙasar Faransa a watan Oktoba na shekarar 2018, daidai lokacin da ganyayen itatuwa suke yin ja suna zuba, rana kuma take fara rowar fitowa. Wani ɗan garinmu ne ya karɓe ni a ɗakinsa da ke Villeurbanne, garin da yake manne da Liyon har baƙo ba ya gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Bayan ƴan makonni Allah ya hore mini aiki a wani babban sito, inda muke sauke kwalaye daga manyan motoci tun ƙarfe biyar na asuba har zuwa ƙarfe ɗaya na rana. Aikin bai gagare ni ba, domin wanda ya tashi yana tura kurar ruwa a Damagaram ba ya tsoron kaya. Abin da ya kusa gagara ta shi ne sauran yinin. A gida, mutum ba ya rasa inda zai zauna: in ba zauren Malam ba, akwai fadar abokai a bakin titi inda shayi ba ya sauka daga wuta. A nan kuwa kowace ƙofa a rufe take, maƙwabcinka zai gaishe ka a matakala da kalma ɗaya ya wuce, kai ma ka shiga ka rufe taka.

Na yi kusan wata biyu a haka, daga aiki sai ɗaki, sai masallaci ranar Juma'a. Wata rana mai masaukina ya dawo ya tarar da ni kwance ina kallon rufi, sai ya ce: "Malam ƙarami, tashi ka fita ka sha iska tun ɗakin nan bai cinye ka ba. Ga lambu can a bayanmu, shiga kyauta ne." Da na ji an ce lambu, sai na zaci irin namu ne na bakin tafki, fili kaɗan mai salati da tumatir. Na sa rigar sanyi na fita ba da wani ɗoki ba.

Sunan wurin Parc de la Tête d'Or, wato lambun Kan Zinariya. Mutanen garin suna da wata tatsuniya da ke cewa an binne wata dukiya a filin tun zamanin da, har da wani kai da aka ƙera da zinariya, amma har yau babu wanda ya tono ta. An buɗe lambun a 1857, wasu ƴan'uwa biyu, Denis da Eugène Bühler, su ne suka zana fasalinsa a kan wani fili da kogin Rhône yake malalewa a kansa in ya cika. Girmansa ya haura hekta 100, kuma a tsakiyarsa akwai tafki mai kimanin hekta 16. Duk wanda ya san darajar ruwa irin sanin da mutumin Damagaram ya yi masa zai fahimci abin da na ji da na tsaya a bakin wannan tafki, na ga ruwa shimfiɗe babu mai ɗiba, babu jarka, babu layi, sai agwagi da dinya suna yawo a kai. Na daɗe a tsaye ina lissafin unguwanni nawa zai shayar.

Daga ranar nan na mai da lambun zaurena. Kowace rana ina ɗaukar ɓangare guda in bi shi a hankali. Na ga babbar ƙofarsa ta ƙarfe mai ado da ruwan zinariya. Na ga filin furannin wardi da aka buɗe a 1964, ko da yake a lokacin sanyi babu kome a jikinsu sai ƙaya, sai da watan Yuni ya zo na gane dalilin da ya sa ake yi musu wannan hidima. A cikin tafkin akwai wani ɗan tsibiri da ake shiga ta wata hanya da aka haƙa a ƙarƙashin ruwa, inda aka sassaƙa sunayen mutanen Liyon fiye da 10,000 da suka mutu a yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918. Na bi sunayen da ido ina mamakin yadda gari zai rubuta matattunsa ɗaya bayan ɗaya a jikin dutse don kada a manta da ko guda. A watan Janairu, lokacin da sanyi ya kai inda yatsu ba sa jin juna, na gano manyan ɗakunan gilashi da ake renon tsirran ƙasashe masu zafi a cikinsu. Ina tura ƙofa sai ɗumi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa suka tarbe ni kamar an yi ruwan farko na damina. Ba don ilimin tsirrai nake shiga ba, gaskiya ɗaya ce, jin ɗumi nake zuwa yi a gindin ayaba da dangin dabino, in kuma tuna gida.

Abin da ya fi ba ni dariya da kunya a lokaci guda shi ne raƙuman dawa. A cikin lambun akwai gidan namun daji, shi ma ba a biyan ko sisi, kuma tun 2006 aka ware wani fili aka kira shi filin Afirka. A nan na fara ganin raƙumin dawa da idona, ni da na fito daga ƙasar da take alfahari da nata. Na Kure, waɗanda ke kimanin kilomita 60 daga Yamai, su ne ragowar irinsu a duk Afirka ta Yamma; a 1996 sun ragu har sun koma 49, sa'an nan da aka tsaya kan kiyaye su suka haura 600 kafin shekarar da na baro gida. Sau uku motar Damagaram zuwa Yamai tana ratsawa da ni ta Kure, kuma duk ukun bayan tafiyar kusan kilomita 900 barci nake yi. Wani yaro Bafaranshe da ke kusa da ni ya tambayi mahaifiyarsa daga ina dabbar ta fito, ni kuwa na yi shiru kamar ban ji ba, don kada a juyo a tambaye ni yadda suke a can.

Akwai wani benci a gefen tafkin, a ƙarƙashin wata doguwar itaciya, wanda na saba zama a kai in kira gida ranar Asabar. A nan ne ya kamata in faɗi abin da ke tsakanina da mahaifina. Malam limamin masallacin unguwarmu ne a Birni, kuma a zaurensa na yi karatun allo har na sauke. A gabansa na karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya, sa'an nan na ɗauki Risala, alhali da safe ina zuwa lakwal. Da na shiga lise sai karatun boko ya yi yawa, ko kuma in ce na sa shi ya yi yawa. Mun kai babin aure na ce a ɗaga mini sai bayan jarrabawa. Jarrabawa ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, na shiga neman kuɗi, ban sake zama a kan buzun nan ba. Malam bai taɓa yi mini faɗa ba, bai kuma taɓa tayar da maganar ba, kuma wannan shirun ya fi mini bulala zafi. Saboda haka wayarmu ba ta wuce minti uku: ina gajiya, ina sanyi, saƙo ya iso, Allah ya yi albarka. In na kashe wayar sai in zauna ina kallon ruwa, ina jin kamar na gaida maƙwabcin matakala.

Wata Asabar ta watan Maris na 2019, da sanyi ya fara sassautawa, na fita ta babbar ƙofar lambun na bi gaɓar Rhône, na haye gada zuwa tsakiyar gari, wanda yake zaune tsakanin koguna biyu. Da na ɓullo gaɓar kogi na biyu, wato Saône, sai na tarar da masu sayar da tsofaffin littattafai sun jera kayansu a bakin ruwa, a wurin da ake kira Quai de la Pêcherie. Nan take na tuna masu baza littattafai a ƙofar masallacin Juma'a a gida. Daga baya na samu labarin cewa Liyon tsohuwar cibiyar ɗab'i ce: tun 1473 aka buga littafi na farko a garin, kuma titin Mercière da ke kusa da wurin ya cika da maɗaba'u a ƙarni na 16. Na tambayi ɗaya daga cikin masu kayan ko yana da littattafai a kan Nijar, ya girgiza kai, amma ya nuna mini tsallaken kogi, ya kwatanta mini wani kanti a tsohon gari.

Tsohon garin Liyon lunguna ne ƙanana masu daɓen dutse, har da wasu hanyoyi da ke ratsa cikin gidajen mutane su fitar da kai wani titi dabam. Sai na ji kamar ina cikin Birni, illa dai babu awaki. Kantin yana cikin wani lungu, ƙofarsa ƙarama, da ƴar ƙararrawa da ke kaɗawa in an tura. Ciki kuwa littattafai ne tun daga ƙasa har rufi, wasu a kan kanta, wasu a tsibe a daɓe, da wani tsani na katako da ake jinginawa a hau. Ƙamshin tsohuwar takarda da ya bugi hancina shi ne ainihin ƙamshin da ke tashi in Malam ya buɗe adakarsa. Mai kantin wata dattijuwa ce mai furfura, da tabarau rataye a wuya. Ta amsa gaisuwata, ta ce in duba a hankali babu gaggawa, ta koma kan abin da take karantawa.

Ita ce ta fahimtar da ni dalilin da ya sa talaka mai son karatu yake zuwa irin kantinta. A Faransa akwai doka tun 1981 da ta ce mai buga littafi shi ke yanke farashinsa, kuma haka za a sayar da sabo a ko'ina, ragin da aka yarda da shi bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Tsohon littafi kuwa dokar ba ta hau kansa ba, don haka abin da ake sayarwa Yuro 20 sabo kana iya samunsa a Yuro 3 in ya sha hannu. A ranar na sayi L'Enfant noir na Camara Laye, wanda muka karanta a kwaleji, da Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda na sha jin labarinsa ban taɓa riƙe shi ba. Na tambayi littafin André Salifou a kan tarihin Damagaram, ta ce bai taɓa biyowa ta hannunta ba, amma ta rubuta sunan a wani ɗan littafi ko Allah zai kawo shi.

A zuwana na huɗu ko na biyar ne na durƙusa gaban wata kanta ta can ƙasa, inda aka haɗa littattafan Arewacin Afirka. Na zaro wani mai bango ruwan ƙasa wanda gefensa ya fara sakin zare. Ina buɗewa sai na ga Larabci a shafi ɗaya, Faransanci a shafin da ke fuskantarsa. Ban gama layin farko ba na gane shi, kamar yadda mutum ke gane muryar ɗan gidansu a cikin kasuwa. Risala ce ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, malamin Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, daidai da 996, tare da fassarar Léon Bercher da aka fara bugawa a birnin Aljazaira a 1945. Wani ya riga ni karanta wannan kwafi, kuma karatu na gaske: gefen shafuka cike yake da ƙananan rubutu na fensir da hannun Magariba, irin mai ɗigon fa'un a ƙasa da ɗigo ɗaya a kan ƙaf, wanda da shi muka koyi rubutu a allo. A tsakiya akwai tsohon tikitin bas da ya yi alama da shi.

Na kai wa dattijuwar na tambaye ta inda ta samo shi. Ta juya shi, ta ce ba za ta iya tuna gidan ba, amma ta san hanyar, domin kusan duk kayanta ta nan suke zuwa. Ta ce: "In tsoho ya mutu, ƴaƴansa suna da ƴan makonni su kwashe kaya su mayar da mabuɗin gida. Sai su kira ni. Ina zuwa in tarar da littattafan a cikin kwalaye a bakin ƙofa. Na Faransanci wani lokaci sukan zaɓi biyu ko uku su riƙe. Masu irin wannan rubutun kuwa ba sa iya karanta su, sai su ce in ɗauka duka, ko nawa na bayar." Ta faɗi haka ba da zargin kowa ba, kamar mai ba da labarin farashin hatsi. Ta ce in kawo Yuro 8, wato jaka biyar da ƴan kai a kuɗinmu. Na biya ban nemi ragi ba, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata.

Ban hau metiro ba, da ƙafa na koma har lambun, na zauna a bencina. Tunanin mutumin nan mai fensir ya hana ni sakat. Ban san sunansa ba, ban san ko a masana'anta ya ƙare ƙarfinsa ko a wurin gini ba, amma na san ya dawo daga aiki a gajiye kamar ni, ya zauna ya bi littafin nan layi layi. Sa'an nan na tuna adakar Malam da gafakokin fata da ke cikinta, waɗanda wasunsu kakanmu ne ya kwafe su da hannunsa. Mu tara ne a gidanmu. Na ƙirga mu ɗaya bayan ɗaya ina neman wanda zai iya buɗe gafakar nan ya san abin da ke ciki, sai na ga wanda ya fi kusa da iyawa shi ne ni, ni ɗin da na tsaya a babin aure shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ashe kwalayen bakin ƙofa ba a Liyon kaɗai ake tara su ba.

Na buɗe babin, na kira gida. Bayan gaisuwa, a daidai inda muka saba sallama, sai na ce: "Allah ya gafarta Malam, akwai wani wuri da nake so a duba mini." Ban jira amsa ba na fara karantawa, murya tana rawa. Ban kai ƙarshen layi na biyu ba na ji ya ce: "Sake." Na sake. Ya ce: "Wasalin ƙasa ne, ba na sama ba. Haka ka yi shi wancan karon ma." Daga nan ya ɗauki fassara da Hausa, kalma bayan kalma, da irin sautin nan na zaure, alhali babu littafi a gabansa, don idonsa ya riga ya yi rauni. Muka yi minti arba'in. Da za mu rabu bai tambaye ni inda na samo littafin ba, bai kuma ce kome a kan shekarun da suka wuce ba. Cewa ya yi: "Asabar mai zuwa bayan la'asar. Ka yi bita kafin ka zo."

Kalmar nan ta "ka zo" ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Tun daga ranar, bencin bakin tafki ya zama buzuna. A lokacin sanyi agogonmu da na Nijar ɗaya ne, in zafi ya shigo Faransa takan wuce da awa guda, sai mu daidaita. In ana ruwa nakan fake a ƙofar ɗakin gilashi. A 2020, da annobar korona ta sa aka rufe lambuna aka hana fita, a bakin tagar ɗaki muka ci gaba. Karatun bai yi sauri ba, domin Malam ba ya barin layi sai ya tabbata ya zauna, kuma sau da yawa fassarar Faransancin da ke gabana takan taimake ni in yi masa tambayar da da can ba zan iya yi ba. Wani lokaci nakan karanta masa abin da mai fensir ya rubuta a gefe, ya ce: "Wannan ya yi karatu a gaban malami. Allah ya jiƙansa." Mun sauke Risala a watan Sha'aban na shekarar 2022, aka yi ƴar sadaka a zaure, ni kuma na raba dabino a wurin aiki.

Maganar adaka ma ban bar ta ba. Na koma wurin dattijuwar na tambaye ta yadda ake adana tsohuwar takarda. Ta ce abokan gabarta su ne laima da ƙwari da hasken rana. Kada a naɗe ta a leda don leda tana riƙe gumi, kada a liƙe yagewa da salatif, a ɗaga akwati daga ƙasa, a riƙa buɗewa ana shan iska a inuwa, kuma kafin kome a rubuta sunan duk abin da ke ciki. Na aika wa ƙanena kuɗin akwatin ƙarfe, na roƙe shi ya zauna da Malam su fito da kome. Sun sami littattafai bugaggu 64 da gafaka 11 na rubutun hannu. Biyu daga cikin gafakokin gara ta riga mu, ta cinye kusan rabi, kuma a cikinsu akwai wanda Malam ya ce bai san wani mai kwafinsa ba. Wannan hasara ce da ba ta da magani, kuma da na yi wannan tunani shekara biyar kafin nan, wataƙila da ba ta faru ba. Sauran kuwa ƙanena ya ɗauki hoton kowane shafi da waya, Malam yana faɗin sunan littafi da wanda ya kwafe shi, ana rubutawa.

Ina roƙon duk mai karanta wannan, wanda yake da tsoho mai adaka a gida, ya zauna da shi tun yana iya faɗin abin da ke ciki. Ba sai an yi tafiya irin tawa ba kafin a gane.

Yanzu iyalina suna tare da ni, kuma ranar Asabar da ƴata nake zuwa lambun. Ita raƙuman dawa take so, kuma na yi mata alkawarin in mun je gida za mu tsaya a Kure da rana tsaka, ido biyu. In ta gaji da gudu sai ta zo ta zauna kusa da ni a benci, ta karɓi wayar ta gaida kakanta, sa'an nan mu ci gaba da Askari, wanda muka ɗauka bayan Risala. Littafin mai bango ruwan ƙasa yana nan a wurina, na sa an ɗinke masa gefe. Ban goge ko ɗigo ɗaya na mai fensir ba, nawa rubutun a ƙarƙashin nasa nake yi, kuma tikitin bas ɗinsa yana shafin da ya bar shi. Allah ya gafarta masa, ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri.